Wake Ɗan Arba'in

Ni ke gadin ƙofar masaukin nan
na hanyar Birnin Kebbi,
Kofur Maidamma, tsohon soja,
mai gwiwar da ke jin hadari tun yana Illela.

Ran Talata sunka iso, tsakiyar bazara,
sa'ad da ko ƙadangare ke roƙon inuwar darbejiya:
wakilan waɗanda sunka tsallaka iyaka da tankoki,
wakilan waɗanda anka tattake musu gonaki,
da masu shiga tsakani, kowa da jakarsa.
Sakkwato anka zaɓa, wai nan ba mai dangi.

Kwana uku ba a ambaci matattu ba.
Wa zai fara shiga zaure? Tutar wa ke dama?
Anka aike ni neman kafinta
ya rage ƙafafun wata kujera da yatsa biyu
kar wani ya ɗara wani a hoto.
Na riƙe masa zarto.
Rabona ke nan cikin sulhu.

Akwai wani dogo mai fara'a,
shi ke raba alƙaluma a teburi,
shi ke cewa a kai zuciya nesa.
In dare ya raba sai ya fito gindin taga da waya.
Ban jin harshensa,
amma na san lissafi in na ji shi:
akwati kaza, jirgi kaza, wata kaza.
Direbansa ya ce mini taimako ne.

Na taɓa sauke irin taimakon nan da kafaɗata
a wata ƙasa mai yawan ruwa.
Koren katako, hannun igiya, warin maiko.
Munka buɗe, munka yi kabbara,
har ranar da munka tarar da ɗan'uwansa, tambari ɗaya,
a ramin waɗanda sunka harbe Na'allah,
yaron Gwadabawa
da har yau yake bi na bashin sabulu.
Wanda ya sayar maka da ashana
shi ke ba da hayar guga.

Tafintarsu Haulatu, 'yar ƙasar da anka mamaye,
ita ke kai magana daga baki zuwa baki
kamar mai ɗaukar garwashi a tafin hannu.
In an ce gyaran iyaka, ta san sunan ƙauyen.
In an ce asarar da ba a nufa ba,
ta san wadda ke takaba.
Bayan la'asar takan zauna bakin bencina,
ta tuɓe takalmi, ta sha ruwan randa,
ba ta cewa uffan.

Ran sha ɗaya anka sa hannu.
Tsagaita wuta, kwana arba'in.
Anka yi tafi, anka ci rago,
dogon nan ya rungumi kowa
wayarsa na kuka cikin aljihu.

Ita kuwa ta ce in raka ta Tsohuwar Kasuwa,
can gida, in ji ta, ruwa ya sauka.
Munka ratsa masu albasa da masu jar fata,
ta tsaya gaban mai iri.
Gero kwana nawa yake?
Ya ce tamanin, in sama ta yi kirki.
Dawa fa?
Sai kaka ta tsufa.
Ta yi shiru, tana ƙirga da yatsu.
Ya ce akwai wake ɗan arba'in,
in kin shuka ranar da kinka sauka.
Ta ce auna mini tiya biyu.
Babana na da rabin gona
da ba a binne kowa a ciki ba.

Jirginsu ya tashi da asuba.
Tun ranar nake jan layi da gawayi
a bangon ɗakin gadi.
Yau ashirin da shida.
Rediyo ya ce an ji harbi wajen wata gada,
kowane ɓangare ya rantse ba shi ba ne.
Yanzu ne wake ke fure.

Jiya kafinta ya zo biyar kuɗinsa,
an ce ya dawo ƙarshen wata.
Kujerar tana nan, an turo mini ita.
Ashe bai daidaita yankan ba.
In na zauna
sai mu yi ɗingishi tare.