Ƙudan Zuma a Hannun Hagu

Kafin ladanin Jekadafari ya yi gyaran murya
na riga na farka.
Ba agogo ke tashina ba, agogon ma na bayar,
an hana ni ɗaura shi a nan.
Yatsu uku nake ɗorawa a wuyan hannun hagu,
in riƙe numfashi,
in jira.
Yana nan.
Ƙudan zuman da likita ya rufe a jijiyata
bai mutu cikin dare ba.
Sai in yi hamdala, in laluba buta da dama.

Shekara goma sha tara ina dako a Tudun Hatsi.
Masara, dawa, waken Kumo,
hannun nan ke cafke kunnen buhu
ya cilla shi bayan tirela.
Yau Sista Rifkatu ta ce ko bokitin wanka kar ya ɗaga.
Kar in yi matashi da shi.
Kar hannun riga ya shaƙe shi.
Duk wanda ya zo awon jini in miƙa masa dama,
in ya nace sai hagu, ko likita ne, in ce a'a.
Ni da ban taɓa ce wa mai kaya a'a ba.

Hanya biyu suka haɗa,
mai kai jini da mai komo da shi,
suka ɗinke, suka ce in jira ta nuna.
Aka ba ni ƙwallon roba irin na yara
ina matsawa a ƙofar gida,
maƙwabta na cewa Bappa Jungudo ya koma wasa.
Na ƙyale su.
Jijiya ta taso, ta yi kauri
kamar igiyar guga a ƙarƙashin fata.

Litinin da Alhamis ranar wankin ƙoda.
In saɓe hannu da sabulu har gwiwa,
in kwanta, in kau da kai.
Allura biyu. Na san basilla,
da ita muke ɗinke bakin buhu,
ban zaci za ta biyo ni gado ba.
Sista ba ta huda inda ta huda shekaranjiya,
gaba take matsawa kaɗan-kaɗan, hawan tsani.
Ta ce, Bappa, kai ka fi ni sani,
buhun da aka dama da huda wuri ɗaya
nan yake yagewa.

Gadon bakin taga na Malam Gidado ne.
Barci ya kwashe shi a motar Dukku,
kansa bisa hannu, tun daga tasha.
Da gari ya waye ya taɓa, shiru.
Ya ce bari a sayar da akuya ranar kasuwa,
kwana uku.
Kafin ya iso jini ya daskare a hanya.
Yanzu roba ce a wuyansa, an liƙe da filasta,
ba ya kwara ruwa a ka,
zazzaɓi na girgiza shi har gadon na ƙara.
Ran nan ya ce, miƙo in ji naka.
Na miƙa.
Ya daɗe bai ɗauke yatsunsa ba.

Da aka zare allura na danne da auduga,
ba da ƙarfi ba, kar in toshe,
ba sako-sako ba, kar in zubar.
Minti goma ina koyon riƙon
da dako bai koya mini ba.

Jikata Dija ta kan kara kunne,
ta ce Kaka, injin markaɗe ne a ciki?
Na ce e, kar ki bari ya tsaya.

Da dare, in barci ya juya ni hagu,
sai in ji tafin Dudu a kafaɗata
tana mirgino ni, ba ta ko buɗe ido.
Ta lalubo wurin, ta ɗora yatsu uku,
ta ɗan saurara,
sannan ta ja mayafi.