Wani Na Yawo da Sunana

Rago guda aka yanka, in ji Inna,
liman ya raɗa Zubairu,
gida suka ce Tanimu, don ran Litinin na zo.
Shekara hamsin da bakwai ina riƙe da sunan nan,
ban kai shi jingina ba,
ko bashin goro ban ci da shi a Tudun Wada ba.

Sai ga waya ran Laraba,
ina duƙe kan cikin wani agogo
a rumfata ta Sabon Gari.
"Kai ne Zubairu Tanimu? Bashinmu ya nuna.
Dubu ɗari da tamanin, ban da ruwa."
Na ce, yaro, ka yi ɓatan kai.
Ya karanto mini ranar haihuwata.
Ya karanto sunan mahaifiyata,
sunan da ni kaina ba ya fita a bakina.

Ashe akwai wani ni.
Yana can garin da ban taɓa takawa ba,
ya zura sunana kamar rigar aro,
ya ci, ya sha, ya goge maiƙo a hannunta,
ya aiko mini da kuɗin wanki.

Daren nan na bi sawuna da baya,
yadda nake lalube a ƙasa
in ƙaramin kusar agogo ya suɓuce.

Ga Kwangila, ga cunkoson motar Kano,
ga wayar da ta bar aljihuna ba sallama.
Na ce tsohuwa ce, Allah ya raka taki gona.
Na sayi sabon layi,
na bar tsohon da rai a hannun da ban sani ba.

Ga kuma wata murya, ladabi kamar 'yar cikina:
"Baba, daga banki ne, za a rufe asusunka.
Lambobi shidan da suka shigo, karanto mana."
Na karanta.
Har albarka na sa mata.

Ga samari biyu da tebur a Ƙofar Doka,
wai tallafi ya zo wa masu sana'a,
kawo katin ɗan ƙasa, kawo hoto, dangwala nan.

Ta wace ɓaraka ƙadangaren ya shiga?
Har yau ban sani ba.
Bangon nawa uku ya tsage.

Mako biyar ina safa da marwa,
banki, caji ofis, kotu, banki,
ina rantsuwa a kan takarda cewa ni ne ni.
Ɓarawon akuya ya fi wannan mutunci,
shi dai ya kan bar maka igiya da turke,
ka san da safe an yi maka ta'asa.

Yanzu in waya ta ce daga banki,
sai in ce na san hanyar, ga ni nan zuwa da ƙafata.
Lambar sirri tana inda Inna ke ajiye kuɗin adashi:
wurin da ko mu 'ya'yanta ba mu gano ba.
Na hana Ramlatu ɗora takardar jarrabawarta
a dandalin da duniya ke leƙe.
Ta ce, Baba, murna ce.
Na ce, murnar ma a rufa mata asiri.

Jiya da yamma, gaban Kongo,
na sayi ƙosan ɗari biyu.
Na buɗe ƙunshin, sai ga fuska tana kallona:
kwafin katin wata baiwar Allah,
Lantana Iliya, haihuwar Giwa,
ga lamba sha ɗaya reras, mai ya jiƙe su amma suna karantuwa.

Ban san ta ba.
Na juye ƙosan a tafin hannuna, da zafinsa,
na tura takardar cikin murhun mai tuya,
na tsaya har ta zama toka.

Lantana, ko ina kike,
yau dai ke kaɗai ce ke.