Ƙyas a Waƙa ta Uku

Ƙarfe shida na safe, ƙanƙara ta rufe layin dogo,
kogin Berounka na wucewa cikin hazo, ba ya magana.
Ni aikina ke nan: in shiga ɗakin da ba taga,
in ja ƙofa biyu,
in saurari abin da injin ya haifa cikin dare.

Faifai yakan zo mini da ɗuminsa,
baƙi wuluk, yana warin ƙonanniyar roba.
Nakan riƙe shi ta gefe, da tafi biyu,
yadda ake karɓar jaririn da ba naka ba.

Kafin kiɗa akwai wani ɗan shiru.
Allura ta sauka, ta zaga, ta sake zagawa,
a nan nake sanin halin faifai.
Mai kyau, shirunsa rijiya ne, zurfi ba gurɓata.
Wanda aka ciro da gaggawa bai huce ba
sai ka ji shuuu,
kamar ana tankaɗe a gidan maƙwabta.

Ran Laraba aka kawo na wata mai goge daga Ostrava.
Waƙa ta farko lafiya lau.
A ta biyu har numfashinta na ji,
da kukan kujerar da take kai.
A ta uku, daidai inda ta sassauta hannu
tsirkiya na shirin yin shiru,
ƙyas.
Ya zagayo. Ƙyas.
Sau bakwai, sannan ya ɓace kamar bai zo ba.

Na kira tsoho Květoslav.
Shekara arba'in da ɗaya yana gaban injin,
ƙugin tururi ya cinye kunnensa na hagu,
na daman ma saura ƙiris.
Ya ce, "Vendula, kin fara jin abin da babu."
Bai sa komai a kunne ba.
Ya ɗora ɗan yatsa a gefen teburin, kusa da allura,
ya lumshe ido,
na ga leɓensa yana ƙirge.
Da ya kai bakwai ya cire hula, ya sosa sanƙo, ya fita.

A jikin farantin ƙarfe, uwar faifan duka,
ƙarƙashin gilashin dubawa,
gashin ido ne guda ɗaya.
Na wa? Mu goma sha huɗu ne a aikin dare.
Ya faɗa cikin tsagi, ya kwanta abinsa,
aka buga shi sau ɗari biyar.

Manaja ya ce a bari ya tafi,
wai mutanen da suka saba jin kiɗa ta waya
ina suka ga kunnen jin wannan?
Ni ko na san wasiƙunsu, ni nake buɗewa:
sabon bugu ba ya kama ƙafar na da,
na da ya fi nauyi, na da ya fi zaƙi.
Květoslav ya ce na da ma da ƙyas ɗinsa,
kunnuwa ne a lokacin suke da yafiya.

Aka niƙe su, ɗari biyar ba ɗaya,
suka koma tsaki a buhu,
gobe su zama wata waƙa a bakin wani.
Ɗayan yana cikin rigar sanyina har tashar jirgi.

A gida Radomír yakan ce
ina sauraronsa kamar mai neman aibi.
Gaskiyarsa.
Na san inda muryarsa ke karcewa
duk sa'ad da ya ambaci ƙanensa,
ban taɓa gaya masa ba.

Yanzu ya yi barci. Na rage murya.
Mai goge ta gama ta farko, tana cikin ta biyu,
kujerarta ta yi kuka.
Na ajiye kofin shayi don kar cokali ya motsa.
Hannunta ya fara sassautawa,
ni kuma, mai albashin kamo kuskure,
na matso kusa
ina jiran ƙiftawar idon wanda ban sani ba.