Sai Kaza Ta Ƙyanƙyashe

Ina ɗan shekara tara na fara ganinta,
bakin kasuwa, lokacin awon gujiya.
Koriya shar, kamar yakuwa bayan ruwa,
ba rufi, kujera biyu rak,
sitiyarinta a dama.
Muka bi ta da gudu har gangaren gulbi.
Can na yar da takalmi ɗaya,
na dawo gida na sha dorina.

Shekara talatin da huɗu ina gidan waya
ina buga hatimi a wasiƙun mutane.
Wasu na tafiya har ƙasar da aka ƙera ta,
ni ko Dakwaro ban cika zuwa ba.

Da na aje aiki na shiga cigiya.
Aka ce tana Tibiri. Na je, tarakta ce.
Aka ce 'yan gwangwan sun yanka ta tun zamanin fari.
Wani dillali ya ci mini jika goma,
ya nuna mini hotonta a kalanda.

Kalla bakanike ne ya ja ni gefe ran Juma'a:
"Je Mokoyo, tsohon siton Alhaji Arzika,
ka leƙa bayan buhunan dusa."

Ga ta.
Tayoyi sun lafe ƙasa kamar raƙumi ya gurfana,
fitila ɗaya ta makance,
haruffa biyu na goshinta sun yi tsatsa.
Na shafa ta da hannun riga,
koren ya leƙo, yana nan bai mutu ba.
A kujerar direba kuwa
wata wake-waken kaza ta zuba mini ido.

Hajiya Tabawa na kan tabarma tana ɓarar gujiya.
Ta ce marigayi ya saye ta hannun wani likita
da ya zo da ita daga Jos.
Na taya jika ɗari shida. Ta ce albarka.
Na ce bakwai. Ta ci gaba da ɓara.
Na ce takwas, da filina na hanyar Ɗan Isa a zuciyata,
wanda na san ba zai kai damina a hannuna ba.
Ta ce, "Na sallama.
Amma kazata jiya ta hau ƙwai.
Sai ta ƙyanƙyashe."

Na jira shekara hamsin da biyu,
ban san nauyin jira ba sai a kwana ashirin ɗin nan.
Kullum bayan la'asar ina sito,
ni da kaza muna kallon juna.
Tara suka fito. Biyu suka yi bara-gurbi.

Amalanken shanu ya ja ta zuwa garejin Kalla,
yara na bin mu suna dariya.
Wata bakwai yana kwance ƙarƙashinta.
Abin da Kano ba ta da shi, maƙerin Bagalam ya ƙera.
Matata Hinda ta ce na sayi akurki da kuɗin fili,
ban ce mata komai ba, gaskiya ta faɗa.

Ran da ta tashi, tari ta fara yi irin na tsoho,
ta tofar da hayaƙi baƙi,
sannan ta saki muryar nan.
Ƙafata ta dama ta tuna takalminta.

Na biya Mokoyo in yi ban gajiya.
Hajiya ta fito, ta daɗe tana duban kujerar hagu.
Ta ce, "Shekara ashirin yana hawanta,
kullum shi da abokinsa Nomau.
Ni wankinta kawai na sani."

Na buɗe mata ƙofa.
Ta ɗaure kallabi tamau, ta riƙe carbi.
Mun wuce barikin jandarma, hanyar Madarumfa ta miƙe,
gero na kaɗawa dama da hagu,
sai na ji ta ce, ba tare da ta dube ni ba,
"Iyakar gudunta ke nan?"