Dunduniya

Da asuba, ladan Ilu ya ɗaga murya,
na sauko da ƙafar dama daga gadon kara,
sai na ji kamar ƙusa
wani ya kafa ya manta tun jiya.

Na haska tocila, na shafa, na duba.
Ba jini, ba kumburi, ba faso,
ko tsinin ƙaya babu.
To me na yi miki, dunduniya?

Taku goma zuwa randa, ina ɗingishi.
Taku talatin zuwa masallaci, ta ɗan saki.
Hantsi na yi, ta yi lamo kamar ba ita ba.
In na zauna shan fura na miƙe,
sai ta ce: ga ni nan, mai tafiya.

Gwaggo Tabawa ta ce sammu na taka
a mararrabar da ke gabas da rijiya.
Jatau wanzami ya zo da zabira,
tsaga uku, ƙaho biyu,
ya tafi da zakarana ja,
ya bar ni da ciwo, ya ƙara mini jinya.

Ran kasuwar Gujungu na hau amalanke,
ni da ban taɓa yarda a ɗauke ni ba.
Na sauka a ɗakin shan magani.
Malama Hajo ta danna babban yatsa
daidai wurin, har na ambaci sunan Inna.
Ta ce: Baba Nomau, ba asiri ba ne,
a tafin ƙafa akwai wata jijiya,
daga diddige ta miƙe zuwa yatsu
kamar tsirkiyar baka.
Ka ja ta, ka ja ta, yau ta gaji da wuya.

Ta ɗaga silifana tana dariya.
Bayansa ya cinye, ya koma ganye,
ana hango rana ta tsakiya.
Shekara nawa kana bin shanun huɗa?
Talatin. Buhu fa? A ka, har gida.
Fako da rani? Ƙafa ba takalmi.
Ga tumbi kuma, ta ce. Na kau da kai don kunya.

Abin da ta ba ni bai cika aljihu ba:
ƙwaya ta kwana biyar, bayan abinci.
Sauran, ta ce, aikinka ne.
Kafin ka taka ƙasa da safe,
rataya rawani a tafin, ka jawo yatsu,
ka ƙirga talatin, ka saki, ka sake.
Da yamma, kwalba mai sanyi daga gindin randa,
murza ta da ƙafa, gaba da baya.
Dafa bango, ka miƙe sha-raɓa.
Takalmi mai laushi, mai ɗan tudu.
Garma kuwa, ba Barau ya riƙe.
In ta kumbura, ko ta mutu, ko zazzaɓi ya zo,
kar ka jira kasuwa, kamo hanya.

Jikoki sun mai da ni abin kallo,
tsoho na wasan kwalba a zaure.
Sati shida ƙusar na nan,
sai dai kullum tana rage tsawo.
Wata na uku, ran wata Laraba,
sai da na isa sahu na tuna da ita.

Jiya na sayar da tiya biyu ta riɗi
na sayo takalmi a wurin Ɗantala.
Gwaggo Tabawa har yanzu tana cewa
ƙahon ne ya yi aiki a hankali.
Ban musa ba. Zakaran dai ya tafi.
Ni da ke mun shirya, dunduniya.