Kwalba Uku a Dilimi

Ni na fara faɗa, ban musa ba.
A zauren mai unguwa, daren Laraba,
sanyin Jos yana cizon kunne,
na gyara hula, na sassauta murya,
na ce, "Ranka ya daɗe, ba na son magana,
amma yaron nan, kafin ya cika,
Iya Hansai ya kira."

Ya kira ta ɗin. Nan babu ƙarya.
Ita ke ba shi gyaran ƙosai kowace safiya,
wa zai kira da zafi ya kai maƙura?
Ni dai 'yar gaskiya na tsinta a ƙasa
na naɗa mata rawani.

Ku tambayi Gangare wane ne Ilu mai kemis.
Sahun farko. Farar riga, ko ɗigon manja babu.
Ina ba da bashi, ban taɓa bin kowa gida ba.
Shekara goma sha ɗaya ana ce mini likita,
ban taɓa cewa ni ne ba,
ban kuma taɓa cewa ba ni ba ne.

Allurar, a bayan Taminus na saye ta,
rabin kuɗi, kwanan watan a kankare.
Na ɗaga kwalbar a gaban fitila,
na ga laka-laka ta kwanta a gindi.
Na girgiza. Ta ɓace.
Na yi wa ɗan Saude biyu.
Kafin a kira isha'i ya sandare.

Da asuba na gangara Dilimi
da sauran ukun cikin aljihu.
Ruwa ya karɓa, bai tambaye ni komai ba.
Ina juyowa, ga ta,
bokitin wake a ka, za ta markaɗe.
Ta dubi ruwan, ta dube ni,
ta ce, "Ilu, ka tashi lafiya?"
Iyakar maganarta ke nan.
Da zagina ta yi, da na samu barci.

Ba ta da ɗa. Ramin kuza ya binne mijinta
tun ina wasan ƙasa.
Hayaƙi ya rine mata ido,
tana hira da kyanwa.
Ban ƙirƙiri ko ɗaya ba.
Unguwa ta daɗe da tara itacen,
ashana kawai na ara mata.

Da ƙanen mamacin ya yi zazzaɓi
aka shimfiɗa shi, aka ce ta tsallaka.
Ta tsallaka sau uku, gwiwa na rawa.
Mai unguwa ya ce, "Kina da magana?"
Ta nemo ni da ido cikin taro.
Ta goya ni, shekarar da uwata ta kwanta.
Ta ce, "Babu."

Ni na tare samari, na ce kada a jefe ta.
Ni na biya kuɗin mota a tashar Bauchi.
Har yau ana yabon tausayina.

Duwatsun murhunta suna nan a gaban shago,
uku, baƙi ƙirin.
Almajiran masallaci sun so ɗagawa, na hana,
ban san dalili ba.
Wandona ya fara zamewa, na ƙara huda ɗamara.
Tuwo ba ya wuce mini wuya.

Wani dare har ni nakan yarda.
In ba mayya ba,
wa ke cin mutum haka
daga nesa, da "ka tashi lafiya"?