Lamba Arba'in da Bakwai

Shekara talatin a bakin tsohuwar kasuwar Gusau
ina goge wa mutane mabuɗi.
Duk kwaɗon da ya yi taurin kai
a hannuna yake saduda.
Yau ga ni kan benci, ban karya kumallo ba,
an zagaya tumbina da igiyar awo
kamar buhun da za a kai Shinkafi.

Likita Bara'atu ta ce, Mande,
ba mabuɗi ka rasa ba.
Jikinka na ƙera su dare da rana
har sun yi masa yawa.
Ƙofofin tsoka ne suka yi tsatsa.
Sukari ya zo ya yi sallama, ya sake sallama,
ba mai amsawa,
sai ya koma gararamba cikin jini,
shi da kitse, 'yan zaman kashe wando.
Jinin ma ya fusata, ya hau.

Na yi dariya, na ce ai wannan aikina ne,
ɗigon baƙin mai, a ɗan jijjiga.
Ta ce, to man muke gwadawa.

Sai dai ga inda gizo ke saƙa:
mu sittin ne, kwalba iri ɗaya,
rabi magani, rabi gari ne aka dunƙule,
ita kanta ba ta san nawa ba.
Sirrin na kulle a wata durowa
wadda ba ni aka ba gyaranta ba.
Ta karanta mini sharaɗi har sau biyu,
ta ce ran da na gaji in tafi, ba rigima.
Na dangwala.

Makon farko cikina ya yi ta kugi.
Luba ta ce, to, na gaskiyar ka samu.
Mako na uku ya yi tsit.
Ta ce, ko dai garin ne?
Ta rage malmala, ta ƙara rama.
Na bar kabu-kabu, na taka daga Tudun Wada,
shayin Ɗanjumma na sha shi salam
ina harararsa.

Wata shida.
Igiya ta dawo baya da yatsa biyu.
Wa zan yi wa godiya?
Ƙwayar, ko ƙafata, ko rowar Luba?
Likita ta ce sai an haɗa lissafin sittin,
mutum ɗaya ba ya zama shaida.

Jiya wani yaro ya kawo kwaɗon shago
da damina uku ta ci.
Na ɗiga masa mai.
Da can da guduma zan bi shi.
Na sa mabuɗi, na jira,
na kara kunne.